Hakkin Mai Ciwon Kuturta A Kan Mai Bin Yesu Kristi

 Wannan 'yar takarda tana magana a kan abu guda, watau yadda ya wajaba ga mai bi ya yi da maƙwabcinsa wanda ciwon kuturta ya kama. Kada ka ce wannan zancen likitoci ne, babu ruwanka. Malamin asibiti ya kan ga majinyaci sau ɗaya a wata, amma kai kana ganinsa kowace safiya a ƙofar gida da bakin rijiya da hanyar kasuwa. Idan ka kau da fuska daga gare shi, zai ɓoye ciwonsa har ya cinye shi. Idan kuwa ka tsaya kusa da shi, zai sami ƙarfin zuciya ya nemi magani tun da wuri, ya warke da yatsunsa goma. Sabada haka rabon lafiyarsa yana hannunka fiye da yadda ka ke tsammani, Ubangiji kuwa zai tambaye ka.

1. Menene Wannan Ciwo?

Kafin mu yi zancen abin da za ka yi, sai ka san gaskiyar ciwon, gama yawancin muguntar da a ke yi wa masu shi daga rashin sani ta ke fitowa. Waɗansu sun ce gado ne. Waɗansu sun ce sammu ne, ko jifa, ko sakamakon rantsuwar ƙarya, ko cin wani irin nama. Dukan waɗannan ba su ne sanadinsa ba. A shekara ta 1873, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, wani likita mai suna Hansen ya duba da madubin likita, ya ga wata 'yar ƙwayar cuta mai kama da guntun tsinke a jikin majinyatansa. Ita ce ta ke kawo kuturta. Tana yaɗuwa ta hanyar ɗigon da ke fita daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, sai kuwa an daɗe ana zama tare da shi wata da watanni. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta, cin tuwo a akushi ɗaya ba ya kawo ta, zama a tabarma ɗaya ba ya kawo ta. Uwa ba ta haihuwar ɗanta da ita. Cikin mutum 100, kimanin 95 Allah ya halicci jikinsu da ƙarfin da zai kashe ƙwayar ko ta shiga.

Ƙwayar nan tana da nawa ƙwarai. Ta kan yi wajen shekara 5 a jiki kafin ta nuna kanta, wani lokaci har shekara 20. Alamarta ta fari ita ce tabo a fata, mai haske ko ja-ja, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, in kuma an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Daga fata sai ta kama jijiyoyin da ke kai ji zuwa hannu da ƙafa da ido. Ka lura da wannan da kyau: ciwon ba ya guntule yatsu da kansa. Abin da ke faruwa shi ne, sa'ad da jijiya ta mutu, mace ta kan ɗauki tukunya daga murhu ba ta ji ƙuna ba, manomi ya kan taka ƙaya ya wuni a gona bai sani ba, miki ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, a hankali yatsa ya gajarce. Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ne ya bayyana wannan sarai. Ashe zafin da mu ke ƙi kyauta ce ta Allah, mai tsaron ƙofa ne da ya sa a jikinmu. Ashe kuma dungun da ka ke gani a hannun mai bara shaida ce ta jinkiri, da an kai shi magani a kan kari da bai kai ga haka ba.

2. Zunubin Wa Ne?

Mai yiwuwa ka ji an karanta a ɗakin sujada labarin Maryamu 'yar'uwar Musa, da Gehazi baran Elisha, da sarki Uzziya, waɗanda aka buga da kuturta domin laifinsu, ka ce a ranka, ashe dai gaskiya ne horon Allah ce. Ka tsaya tukuna. Waɗannan ukun Littafi Mai Tsarki da kansa ya ambaci sunansu, ya faɗi laifinsu. Kai wa ya faɗa maka laifin maƙwabcinka? Abokan Ayuba sun ga miyakunsa, suka yanke cewa lalle akwai muguntar da ya ɓoye, amma a ƙarshen littafin su Allah ya tsauta wa, Ayuba ne kuma ya yi addu'a dominsu. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura ta 9. Ubangiji ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa duka, kana ya buɗe masa ido.

Ka sani kuma, kalmar Ibrananci da aka juya mana da kuturta a Littafin Firistoci sura ta 13 da ta 14 ta haɗa cuce-cucen fata iri iri, har da funfuna da ta kan fito a tufafi da bangon ɗaki. Dokokin nan an ba Isra'ila ne domin tsarkin sujada a zamaninsu. Ba a ba ka su domin ka kori ɗan'uwanka zuwa bayan gari ba.

Dukanmu masu zunubi ne, mai ciwo da mai lafiya. Da a ce kowane mai ƙarya da kowane mai ƙyashi tabo zai fito masa a goshi, wa zai fita kasuwa ba rawani? Wanda ya dubi majinyaci ya ce alhaki ne ya kama shi, ya hau kujerar shari'a da ba tasa ba, ya kuma ɗora wa mai kaya wani kaya.

3. Hannun Da Ubangiji Ya Miƙa

Ka buɗe Bishara ta hannun Markus, wajen ƙarshen sura ta 1. Wani mai kuturta ya zo ya durƙusa a gaban Yesu yana roƙo. Mutumin nan bai yi shakkar ikon Yesu ba, shakkarsa ita ce ko Yesu zai yarda, gama ya saba da kora. Ubangiji yana da iko ya warkar da shi daga nesa da kalma ɗaya, kamar yadda ya yi wa waɗansu. Amma ya ji tausayinsa, ya miƙa hannu, ya taɓa shi. Ka yi tunani, shekara nawa mutumin nan ya yi ba wanda ya dafa kafaɗarsa? Kafin fatarsa ta tsarkaka, an rigaya an mayar masa da mutuncinsa. Bayan wannan Yesu ya aike shi wurin firist, wanda a zamanin nan shi ne mai duba irin wannan ciwo, domin a shaida warkewarsa ya koma cikin jama'a. Abu biyu ke nan Ubangiji ya koya mana a wuri guda: ka kusanci majinyaci, ka kuma kai shi wurin wanda aka sa domin dubawa.

Akwai waɗanda suka bi wannan sawu har ƙarshe. Wani firist mutumin Baljiyam, mai suna Damiyan, ya tafi tsibirin Molokai a Hawai a shekara ta 1873, inda a ke zubar da masu kuturta. Ya gina musu ɗakuna, ya wanke miyakunsu, ya haƙa kaburburansu da hannunsa. An ce wata rana ya sa ƙafarsa cikin tafasasshen ruwa bai ji zafi ba, nan ya gane ciwon ya kama shi. Ya mutu a cikinsu a 1889. A zamaninsa babu magani, shi ya sa ƙaunarsa ta ci ransa. Kai kuwa, ɗan'uwana, abin da a ke nema a gare ka ƙanƙane ne ainun in an gwada da nasa, gama a yau magani ya samu.

4. Abin Da Tsoro Ya Aikata

Kada ka zaci jahilai kaɗai ne tsoro ya sa suka yi zalunci. Manyan hukumomi masu dokoki a rubuce sun yi. A Hawai an kafa doka a 1865, aka fara kwashe mutane a 1866, ana raba miji da mata, uwa da ɗa. Kimanin mutum 8,000 aka kai Molokai kafin a soke dokar a 1969. A ƙasar Jafan an tsare majinyata a gidajen keɓewa, aka hana da yawa daga cikinsu haihuwa da aikin likita, ba a kuwa soke dokar ba sai 1996, shekaru masu yawa bayan samuwar magani. A 2001 kotu a birnin Kumamoto ta yanke cewa gwamnati ta zalunce su, gwamnati ta karɓi hukuncin, ta roƙi gafara, ta biya diyya. Amma wace diyya ce za ta mayar wa tsoho ƙuruciyar da ya ƙare a bayan katanga?

Akwai kuma wani darasi a cikin wannan. Inda duk aka ce za a kama mai ciwo a raba shi da iyalinsa, sai mutane su ɓoye. Wanda ya ɓoye ba ya samun magani, wanda bai sami magani ba shi ne mai yaɗa ciwon ga 'ya'yansa da matarsa. Watau korar da aka yi domin tsare gari ita ce ta ke ciyar da cutar. Domin wannan ne a watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na kawar da wariya ga masu wannan ciwo da iyalansu, a 2019 kuma ƙasar Indiya ta cire kuturta daga cikin dalilan da doka ta yarda a kashe aure dominsu. Abin kunya ne ƙwarai majalisun duniya su gane wannan, ikilisiyar Kristi kuwa ta tsaya a baya.

A garuruwanmu babu irin wannan katanga ta doka, amma akwai katangar baki. A kan ware wa mutum ƙoƙonsa dabam, a hana 'yarsa miji, a daina sayen ƙosan matarsa, yara su bi shi da waƙa, har ya ga babu abin da ya rage masa sai ya ɗauki akushi ya shiga birni bara. Katangar baki kuwa ba ta fi ta dutse sauƙin haurawa ba.

5. Magani Ya Samu

Shekaru aru-aru babu abin da a ke da shi sai man wani itace na ƙasar Indiya, wanda a kan yi allurarsa da azaba mai yawa, amfaninsa kuwa kaɗan ne. Da shi aka fara aiki a wuraren jinya na ƙasar nan, kamar Itu da aka buɗe a 1928, da Garkida a 1929, da Uzuakoli a 1932, da waɗanda mishan ta karɓi riƙonsu a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato daga 1937. A 1941, a Carville ta ƙasar Amurka, aka fara samun magani mai kashe ƙwayar da gaske. Kusa da 1950, a Uzuakoli, likita John Lowe ya nuna cewa za a iya ba da ƙwayar dafson ta baki, mai araha, mai sauƙin sha. A wannan wuri kuma, a 1962, likita Stanley Browne da abokin aikinsa suka ba da labarin amfanin wani magani da a ke kira kilofazimin. Ka ga ashe majinyatan ƙasar nan suna da rabo cikin alherin da duniya duka ta ke ci yau.

Da aka daɗe ana shan dafson shi kaɗai, sai ƙwayar cutar ta fara sabawa da shi. Sabada haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a haɗa magani uku, watau dafson da rifamfisin da kilofazimin. Mai tabo kaɗan ya kan sha wata 6, mai tabo da yawa wata 12, ya warke. Da zarar ya fara sha ya daina yaɗa ciwon. Tun daga 1995 kyauta a ke ba da maganin nan a duniya duka. Duk da haka har yanzu ana samun sababbin majinyata wajen 200,000 kowace shekara a duniya, a cikinsu akwai yara, akwai kuma waɗanda ba su zo ba sai da hannu ya rigaya ya lalace. Me ya tsare su? Kunya da tsoron bakin mutane sun fi nisan hanya tsare su.

Wani zai ce, ashe ba rashin bangaskiya ba ne mai bi ya nemi magani? Ka tuna Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuwa ya ƙaunace shi. Ka tuna Basamariyen nan da Yesu ya yaba, wanda ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin da 'yan fashi suka sara, ya ɗaure, ya kuma biya kuɗin jinya. Allah da ya sa hatsi a ƙasa domin yunwa, shi ne ya ba 'yan adam hikimar magani domin ciwo. Ka yi addu'a, ka kuma haɗiye ƙwayarka, ka gode wa wanda ya ba da duka biyu.

6. Abu Shida Da Ya Wajaba A Kanka

Na fari, ka zama mai nuna hanya. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, amma da ba domin wata 'yar baiwa ba, wadda aka kamo daga ƙasar Isra'ila, da ya mutu da ciwonsa. Yarinyar nan ba ta da iko, ba ta da dukiya, abin da ta ke da shi kaɗai shi ne ta san inda taimako ya ke, ta kuwa faɗa. Kai ma yanzu ka sani. Idan ka ga tabon da ba ya ji a jikin ɗanka ko abokin nomanka, ka kira shi gefe, ka yi masa magana da taushi, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada a ɓata shekara ana tsaga da ƙaho da hayaƙi, ana sayar da akuya domin biyan boka, jijiya kuwa tana mutuwa, gama jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta tashi. Mutanen gidansa ma ya kamata a duba su, akwai kuma ƙwaya ta rigakafi da a kan ba su sau ɗaya.

Na biyu, ka riƙe asirinsa. Wanda ya buɗe maka rigarsa ya nuna maka tabo, ya ba ka amana mai nauyi. Labarin ciwonsa nasa ne, shi ne zai zaɓi wanda zai ji. Ka yi hankali da wata irin tsegumi da ta kan sa rigar ibada, watau mutum ya miƙe a taron addu'a ya ce a yi wa wane addu'a gama kuturta ta kama shi, alhali mai ciwon bai yarda ba. Kafin rana ta faɗi gari duka ya ji, an fasa auren 'yarsa. Baki shi ke yanka wuya. Allah ya san sunansa, ba sai ka faɗa wa jama'a ba. Idan kuwa kai ma'aikacin asibiti ne, wannan amana ta ninku a kanka, gama doka da rantsuwar aikinka da Ubangijinka duka suna nemanta a hannunka.

Na uku, ka girmama yardarsa. Majinyaci mutum ne mai hankali, jikinsa kuwa Allah ya ba shi riƙonsa. Ka ji abin da ya sami Hansen da kansa, wanda ya gano ƙwayar. A 1879, cikin ɗokin tabbatar da cewa ciwon yana yaɗuwa, ya sa abin da ya ɗebo daga jikin wani majinyaci a idon wata mace mai jinya a asibitinsa, ba da yardarta ba. Maganar ta kai gaban shari'a, a 1880 kuma aka tuɓe shi daga aikinsa na asibitin. Babban masani ne, nufinsa kuma neman ilimi ne, amma matalauciyar nan tana da hakki a kan idonta wanda girmansa bai isa ya shafe ba. Haka kai ma, ka yi wa ɗan'uwanka bayani, ka lallashe shi, ka yi haƙuri da shi, amma kada ka ruɗe shi, kada ka ja shi kamar tunkiya. Ka gaya masa gaskiya duka: ɗaya daga cikin magungunan ya kan mai da fitsari ja, ɗaya kuma ya kan ƙara wa fata duhu har wani lokaci, kana ya wuce. Wanda aka gaya wa tun da fari ba ya firgita ya yar da magani.

Na huɗu, kada ka yi ciniki da alherin Allah. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman, Gehazi kuwa ya bi shi a guje ya karɓa da ƙarya, ka kuma san ƙarshensa. Maganin kuturta kyauta ne. Wanda ya ɓoye shi domin ya sayar, ko ya nemi goro kafin ya miƙa, ɓarawo ne mai satar yatsun matalauta. Akwai kuma wani ciniki da ya fi wannan ɓoyuwa, watau a ce wa majinyaci sai ka shiga addininmu za mu kula da kai. Ka tuna mutum goma da Yesu ya warkar, cikin Luka sura ta 17. Ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne, amma Ubangiji bai janye lafiyar taran nan ba. Ka yi wa Musulmi da mai bin addinin gargajiya hidima daidai da yadda za ka yi wa ɗan ikilisiyarku. In ya tambaye ka dalilin ƙaunarka, ka faɗa masa da murna. In bai tambaya ba, ka ci gaba da wanke masa miki. Kai kuma mai tambaya, kada ka nemi baftisma domin magani ko abinci. Maganin naka ne ko ka bi Yesu ko ba ka bi ba. Idan za ka zo, ka zo domin ka gane shi ne Mai Ceto.

Na biyar, ka tsare masa wurinsa cikin jama'a. Miji, alkawarin da ka yi wa matarka a gaban Allah bai ƙare ranar da tabo ya fito mata ba. Mata, haka kuma naki. Kada a fitar da yaro daga makaranta, kada a hana mutum kaftu a gonarsa, kada a ware masa benci a bayan ɗakin sujada, kada a tsallake shi a Jibin Ubangiji. Ka sayi abin da ya saƙa, ka ci abin da matarsa ta dafa, ka kai masa gaisuwa, gama zumunta a ƙafa ta ke. Ka daina kiransa da sunan ciwonsa. Iyayensa sun yanka rago sun raɗa masa suna, da shi za ka kira shi. Wanda ya sha maganinsa ya gama ya warke sarai, ko da hannunsa ya nakasa, gama dungu tabon yaƙin da ya wuce ne.

Na shida, ka taimake shi ya tsaya da ƙafarsa. Sadakar kwabo a bakin hanya tana da sauƙi, amma ba ta tsamo mutum daga bara. Ku masu bi ku haɗa kai ku yi masa gayya a gonarsa, ku ba shi jari, ku samo masa takalmi mai taushin ciki domin ƙafar da ba ta ji. Ku tuna masa ya duba tafin ƙafarsa da hannunsa kowane dare, ya jiƙa su a ruwa, ya shafa mai, ya riƙa kama tukunya da tsumma. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke tsare abin da ya rage masa.

7. Idan Kai Ne Mai Tabon

Mai yiwuwa kana karanta wannan takarda a ɓoye, akwai tabo a ƙarƙashin rigarka wanda ko matarka ba ta sani ba. Ɗan'uwana, Allah bai yashe ka ba, ciwon nan kuma ba la'ana ba ce. Ka tashi gobe da sassafe ka tafi asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka nuna wa mai duba ka dukan tabon, ka faɗa masa tun yaushe ka gan shi. Ka riƙa zuwa karɓar magani kowane wata, kada ka tsaya a tsakiya domin ka ga sauƙi, gama ƙwayar da aka bari da sauran rai ta kan dawo. Idan ka ji zafi a jijiya, ko hannu ya yi sanyi, ko ido ya yi ja, ka koma nan da nan, kada ka jira ranar da aka sa maka. Hakkin iyalinka ne kuma a kanka ka nemi magani, gama da shi ne za ka tsare 'ya'yanka. Wanda ya taɓa mutumin Galili bai sāke ba, ba ya kuwa ƙyamarka.

Yanzu fa, ya mai karatu, ka ajiye takardar nan ka yi tunani. Wanene a unguwarku aka ware wa ƙoƙo? Wanene ya daina zuwa sujada ba wanda ya tambayi dalili? Ubangiji ya faɗa cewa a ranar shari'a zai lissafta gaisuwar da aka kai wa majinyaci kamar shi aka kai wa, wadda aka hana kuma kamar shi aka hana. Kada ka bari mako ya juyo ba ka taka ƙofar gidan nan ba.

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, wanda ka halicci jiki ka kuma san dukan rauninsa, muna gode maka domin maganin da ka bayar ta hannun bayinka. Ka gafarta mana tsoronmu da ƙyamarmu da maganganun bakinmu. Ka ba mu zuciya irin ta Ɗanka, domin mu miƙa hannu ga wanda kowa ya guje wa, mu riƙe asirinsa, mu girmama shi. Ka ƙarfafa masu ciwo su fito su nemi taimako, ka ba masu jinya gaskiya da haƙuri. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.